Iskar Oksijin da Tiyatar Kwalliya: Gargaɗi ga Masu Niyya

Tun da tiyatar kwalliya ta zama kasuwa, masu hali suna tafiya Turkiyya ko Dubai a rage musu teɓa ko a ɗame fatar fuska, sai ga wata hidima ta ƙaru cikin lissafin kuɗin, wato a shigar da mutum wani ɗaki mai kama da tanki, a rufe ruf, a matsa iskar ciki har nauyinta ya ninka na iskar waje sau 2 ko 3, ya yi ta shaƙar zallar oksijin na sa'a guda da rabi, wai domin jiki ya kimtsa kafin wuƙa ta taɓa shi.

Asalin al'amarin ba ƙarya ba ne. Kashi 21 cikin 100 na iskar da muke shaƙa shi ne oksijin, kuma jajayen ƙwayoyin jinin lafiyayye sun riga sun ɗauki kusan iyakar abin da za su iya. Amma idan aka matsa iskar, sai oksijin ya narke cikin ruwan jinin kansa, ya kai ga naman da hanyoyin jininsa suka ƙuntata, kamar yadda likitan fiɗa Ite Boerema ya tabbatar a Amstadam wajajen 1960. Saboda haka ake ceton wanda hayaƙin gawayi ko na janareta ya shaƙe, da mai gyambon ciwon sukari, da fatar da aka ɗaga a tiyata idan ta soma baƙi, alamar tana mutuwa. Wannan na ƙarshen shi ne halastaccen gurbinsa a nan. Amma lafiyayye ya shiga tun kafin aiki don riga-kafi, wannan da'awa ce mai raunin hujja, domin oksijin ba hatsi ba ne da ake tarawa a rumbu. Da an fito, ba da jimawa ba jini ya koma halinsa.

Ɗakin kuma yana da illa: dodon kunne kan ji rauni, gani kan dushe na ɗan lokaci, wani ma ya yi jijjiga. Mafi muni gobara, wadda ta halaka mutum 11 a wani asibitin Milan a 1997, shi ya sa ake hana shiga da waya ko turare ko man shafawa.

Abin da ya fi wajaba ga mai niyya, alhali ba a tallarsa tunda babu riba a ciki, shi ne barin taba da shisha aƙalla mako 4 kafin aiki da bayansa, da daidaita sukarin jini, da bin diddigin ƙwarewar likitan, domin mutanen Nijeriya ba su manta rasuwar Stella Obasanjo a Sifen a 2005 bayan tiyatar rage kitse ba. Bayan aiki kuwa kada a yi gaggawar hawa jirgi; wanda ƙafarsa ɗaya ta kumbura, ko numfashinsa ya soma sama-sama, a kai shi asibiti nan take, domin mai yiwuwa gudan jini ne ya toshe jijiya.