Tsohuwar Kwamfuta da Neman Manhajar Tsara Kiɗa

A gidaje da dama akwai kwamfutar da ta kwana biyu, wadda aka saya ta hannu ko aka gada wurin wani ɗan'uwa, tana jingine a lungu ƙura ta lulluɓe ta, alhali kuwa a cikin gidan nan akwai mai sha'awar tsara kiɗa wanda ya riga ya fid da rai, domin an ce masa wannan fanni ba ya yiwuwa sai da sabuwar na'ura mai tsada. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma tarihi bai goyi bayanta ba. A shekarar 1987 wani Bajamushe, Karsten Obarski, ya fitar da manhajar Ultimate Soundtracker domin kwamfutar Amiga, wadda samfurinta na gida ke da rabin megabait kacal na RAM, ba ta kuma iya fitar da muryoyi fiye da huɗu a lokaci guda, amma duk da haka dubban kaɗe-kaɗe suka fito daga cikinta. Cubase ma, da ake alfahari da ita a manyan sitidiyo, a kan Atari ST ta fara a 1989. Kwamfutar da muke rainawa yau saboda gigabait 2 gare ta, ta ninka waccan Amiga sau dubu huɗu a yawan RAM.

Asalin mas'alar shi ne a rarrabe tsakanin abubuwa biyu da jama'a kan cakuɗa. Akwai umarnin kiɗa, wato tsarin MIDI da aka kafa a 1983, wanda iyakarsa ya ce a taɓa sauti kaza, da ƙarfi kaza, na tsawon lokaci kaza. Akwai kuma sautin kansa da aka naɗa, wanda minti guda nasa, a ingancin faifan CD, yakan ci wajen megabait 10. Bambancinsu kamar na waƙar da ke rubuce a takarda ne da muryar mai rera ta. Umarni ba shi da nauyi ko kaɗan. Abin da ke galabaitar da na'ura shi ne manyan tarin sautukan zamani da kayan ƙawata murya, irin su amsa-kuwwa, waɗanda ake ɗora wa kowane layin kiɗa ba tare da larura ba.

Saboda haka, kafin mutum ya sauke kome, wajibi ne ya san halin na'urarsa: yawan RAM ɗinta, da irin Windows ɗin da ke kanta, da kuma ko mai bit 32 ce ko mai bit 64, gama mai 32 ba ta iya amfani da RAM ɗin da ya haura gigabait 4, sabbin manhajoji da yawa kuma sun daina kula ta. Alal misali MuseScore, wadda masu rubuta kiɗa da alamomi a kan layuka biyar ke ji da ita, fitowarta ta 4 a ƙarshen 2022 tana neman Windows 10 mai bit 64, amma ta 3.6 tana aiki lafiya lau a kan Windows 7, kuma kyauta ce.

A nawa ra'ayi, wadda ta fi cancanta ga mai son haɗa kiɗa da murya ita ce REAPER, ta kamfanin Cockos na Justin Frankel, mutumin da ya ƙirƙiro Winamp. Fayil ɗin saukarta bai kai megabait 20 ba, abin da mai sayen data da guminsa zai yaba, tana da fitowa ta bit 32, an yarje wa mutum ya jarraba ta kwana 60, lasisinta na mai ƙaramin ƙarfi kuwa dala 60 ne. Fa'idarta babba ita ce tana iya daskarar da layin da aka gama, ta mai da shi sauti naɗaɗɗe, ta yadda furosesa za ta huta da lissafinsa. Wanda ba shi da ko sisi, ga LMMS, wadda ake jera kiɗa a cikinta da linzami ko da babu fiyano, sai a naɗi murya da Audacity; ga kuma OpenMPT, jikanyar manhajar Obarski. FL Studio ma tana da kyau, sai dai sabbin fitowarta sun yi wa tsohuwar na'ura nauyi, kwafin sata da ake yawo da shi a filasha kuwa, ban da cin haƙƙin masu ita, sau da yawa da ƙwayar cuta yake zuwa.

Akwai wata illa da kan sa mai koyo ya zargi manhaja bisa kuskure: ya danna fiyano, sautin ya makara, ko kuwa kiɗa na tafiya ya riƙa jin ƙaras-ƙaras a lasifika. Maganinta yana wurin da ake saita girman bafa, wato ma'ajiyar da sauti ke ɗan taruwa kafin ya fita. Idan aka rage ta zuwa 128 jinkiri ya ragu amma na'ura ta wahala, idan aka ɗaga ta zuwa 512 ko 1024 ƙarar ta ɗauke. A rage lokacin naɗa, a ɗaga lokacin tacewa, a kuma sa ƙaramar manhajar ASIO4ALL in katin sautin wanda ya zo da kwamfutar ne.

Wani abu da ya shafe mu musamman shi ne, a cikin sautuka 128 na ma'aunin General MIDI babu kalangu, babu goge, babu gurmi. Abin da ya ɗan yi kusa da algaita shi ne shanai na Indiya. Kalangu kuwa, da yake makaɗi na matsa tsarkiyarsa a hammata yana hawa da sauka da murya tamkar mai magana, ba a kwaikwayonsa da maɓalli, sai dai a kira mai shi a naɗa da makirufo, aikin da tsohuwar kwamfuta ke iyawa ba tare da ta yi nishi ba.

Mai karatu da ke da irin wannan na'ura, ya kakkaɓe ta, ya share mata fanka, ya raba ta da intanet in Windows 7 ce, tun da an daina ba ta kariya a Janairun 2020, sa'an nan ya zaɓi manhaja guda ya lazimce ta har ya gama waƙarsa ta farko.