Faɗakarwa Ga Makaɗan Jita Game Da Na'urar Ɗaukar Amo

Akwai wata magana da ta yaɗu tsakanin samari masu kaɗa jitar katako, wadda kunnena ya gaji da ita, wai na'urar ɗaukar amo ba ta da wani aiki illa ta ɗaga murya, saboda haka kowace iri mutum ya tarar a kasuwa ta wadatar. In kuwa aka jona ta da lasifika aka ji amo ya fito siriri a bushe, sai a ɗora laifi a kan jitar, ko a kan mai kula da miksa, alhali babu ɗayansu da ya yi zunubi.

Haƙiƙanin al'amari shi ne, daɗin jitar katako ba a tsirkiya kaɗai yake ba, yana cikin allon fuskarta da iskar da ke cikinta, kuma kowace na'ura daga wuri guda take saurare, abin da ta ji a nan shi take isar wa jama'a. Mai maganaɗisu, wadda ake maƙalawa a bakin ramin jita, wadda kuma asalinta ya koma ga aikin George Beauchamp a Amurka wajen 1931, kusan ba ta jin katako, motsin ƙarfen tsirkiya take bi, don haka amonta yana da kauri da taushi, sai dai ya karkata ga na jitar lantarki. Wanda ya saye ta domin jita mai tsirkiyar nailan ya yi asarar kuɗinsa, gama maganaɗisu ba ruwansa da nailan, haka kuma ba ruwansa da izgar goge.

Ita kuwa fiyezo, wadda kamfanin Ovation ya yaɗa a shekarun 1970, an gina ta ne bisa abin da Pierre Curie da ɗan'uwansa Jacques suka gano a Faransa a 1880, cewa akwai duwatsun da in an matsa su sai su fid da lantarki. Ana shimfiɗa ta ƙarƙashin ɗan ƙashin nan da ke kan jakin jita, inda tsirkiyoyi ke dannawa, shi ya sa take kama bugun farko tun katako bai amsa ba, amon ya zo da kaifi. To, a nan ne ɓarnar ta fi yawa, domin fiyezo tana bukatar mashiga mai turjiyar da ta kai om miliyan 1 ko fiye, mashigar layi ta miksa kuwa galibi tana wajen om dubu 10 ne, kuma idan aka haɗa su kai tsaye ba tare da wata wasiɗa ba, ƙananan muryoyi masu nauyi duk sai su zube a hanya, a bar mai sauraro da ƙarar gwangwani. Abin takaici, maganin da makaɗi ya sani shi ne ya ƙara murya, wato ya ninka aibin ya raba wa kowa.

Akwai kuma wadda ake manna wa allo ta ciki, da ƙaramin makirufo. Su suka fi kusa da gaskiyar jita, su ne kuma suka fi saurin kuka a taro.

Saboda haka wajibi ne mai fiyezo ya sa ƙaramar na'urar ƙarfafa amo tsakaninsa da miksa, in jitarsa ba ta zo da ita ba. In ta zo da ita, ya riƙa duba batirinta mai bolt 9, ya kuma zare waya idan ya gama, domin muddin tana soke batir ci yake yi. Idan wata tsirkiya ta fi 'yan'uwanta ƙara, a kai wa mai gyara ya duba gindin ƙashin jaki, sau da yawa rashin zamansa daidai ne sanadi. Idan ƙugi ya taso, wanda yakan faro daga iskar cikin jita a kusa da kaɗawa 100 cikin daƙiƙa, a toshe ramin da murfin roba, a rage muryar ƙasa, kada kuma makaɗi ya fuskanci lasifika. Mai kiɗa tare da ganguna ya nemi maganaɗisu ko fiyezo, mai naɗar waƙa a ɗaki ya kafa makirufo a gaban jita, daura da inda wuyanta ya haɗu da jiki, da tazarar kamar taƙi ɗaya.