Shaidar Ido a Bakin Bature

Duk wanda ya zauna gaban malamin Turanci, ko da na shekara guda ne, ya san kalmar “look”, domin tana cikin kalmomin farko da ake biya wa yaro, a ce masa ma'anarta duba, shi kuwa ya riƙe haka ya wuce. Amma ba safai ake tsayawa a nuna wa ɗalibi cewa wannan fi'ili fuska biyu gare shi ba, alhali kuwa fuskar tasa ta biyu, wadda Turawa ke bayyana kamannin abu da ita da kuma abin da ya ɗarsu a zukatansu game da shi, ita ce ta fi yawo a bakinsu tun daga safiya har dare.

A ƙaddara wata mata ce a Landan ta buɗe wa ƙanwarta ƙofa da asuba, ita ƙanwar ta kwana tana aikin jinya a asibiti, ta shigo idanu jawur, kafaɗu a sake, ko takalmi ba ta iya tsayawa ta cire ba. Yayar za ta ce mata, “You look tired.” Wanda ya bi jumlar kalma bayan kalma zai zaci ƙanwar ce ke duban wani abu, tun da ita ce fa'ili, ga kuma fi'ilin duba ya biyo ta, alhali ba ta duba kome ba, ita ake dubawa. Idon da ya yi aikin na yayar ne, amma ba a ambace ta ko kaɗan ba. Mu a Hausa mai gani shi ke fitowa fili ya ce na ga kamar kin gaji, ko kuwa ya ce da alama kin gaji. Shi Bature sai ya janye kansa daga maganar, ya jingina fi'ilin ga wanda aka gani, ya bar mai sauraro ya fahimci cewa abin da zahiri ya nuna kawai aka faɗa, ba a rantse a kan baɗini ba.

Wanda ya karanta Ajuruma a zaure ba zai sha wuya a nan ba, domin ya riga ya san babin “kana” da 'yan'uwanta, watau fi'ilan nan da ke shiga kan mubtada'i da habari su ƙulla su. To, haka “look” yake a wannan muhalli, shi ya sa sifa ce ke bin sa, kuma mai kamannin take siffantawa. In aka ce “He looked angry”, nufi shi ne fushi ya bayyana a fuskarsa; in kuwa aka ce “He looked angrily at the boy”, fi'ilin ya koma aikinsa na asali, mutumin ya harari yaron ke nan. Haruffa kaɗan ne suka raba “angry” da “angrily”, amma a jumlar farko wataƙila mutumin bai ma san ana kallonsa ba.

Idan abin da za a kamanta da shi suna ne, sai a sa “like” a tsakani, a ce “She looks like her mother”, ta yi kama da uwarta. Manomi a Ingila in ya ɗaga kai ya ga hadari ya haɗu yakan ce “It looks like rain”, ba tare da ya yi alkawarin saukar ko ɗigo ɗaya ba. In kuwa jumla ce sukutum za ta biyo baya, masu kiyaye ƙa'ida sun fi son “as if” ko “as though”, ko da yake jama'a, musamman a Amurka, sun daɗe suna sa “like” a nan ma. Har a shekarar 1954, da kamfanin tabar Winston ya sa wannan kalma a mazaunin “as” cikin tallarsa, malaman nahawun ƙasar suka yi ca a kansa, tallar kuwa ba ta fasa karɓuwa ba. Inda ɗalibanmu suka fi tuntuɓe shi ne wajen tambaya, don sukan gwama biyu su ce “How does he look like?”, alhali “How does he look?” halin da yake ciki yau take nema, ko ya warware ko har yanzu da sauran jiki, ita kuwa “What does he look like?” siffarsa take nema, dogo ne ko gajere, domin a gane shi a tasha.

Wannan fi'ili ɗan gida ne, yana cikin Turanci tun fiye da shekara dubu, lokacin da ake furta shi “locian”. Abokan aikinsa biyu kuwa baƙi ne. “Seem” ya zo ne daga harshen mayaƙan teku na arewacin Turai, waɗanda suka ci birnin York a shekarar 866 suka zauna a wannan yanki, kuma da fari ma'anarsa dacewa ce, kafin ta juya ta zama kamanni a wajen shekarar 1200; shi ko “appear” ta Faransanci ya shigo, bayan da Normawa suka ci Ingila a 1066, kuma har yau ya fi zama a bakin alƙalai da lauyoyi da takardun hukuma. A ganina abin da ya fi amfani a lura da shi shi ne irin hujjar da kowanne ke dogara a kanta. “Look” ido yake bukata. “Seem” kuwa hukuncin hankali ne, wanda aka tattaro daga magana da ɗabi'a da labarin da aka ji, shi ya sa za ka iya cewa wani “seems honest” bayan kun yi shekara kuna musayar wasiƙa ba ku taɓa haɗuwa ba. Wanda kuka yi magana ta waya kuwa “You sound tired” za ka ce masa, domin kunne ne ya shaida.

Daga nan al'amarin ya bar hannun nahawu ya shiga babin ladabi, domin mutanen Ingila, da yake suna ƙyamar fuskantar mutum da laifinsa ƙiri-ƙiri, sun mai da waɗannan fi'ilai na zato mayafin da ake lulluɓe yaƙini da shi. Akawun banki wanda ya tabbata sarai cewa lissafinka bai daidaita ba, ga takarda a gabansa, zai ce “There seems to be a mistake”, domin ya ba ka sarari ka gyara ba tare da kunya ba. Baƙon da bai san al'adar ba kuwa sai ya ɗauka akawun kokwanto yake yi, ya tsaya musu, har magana ta yi tsami. Mutum ma yakan yi wa kansa wannan sassauci, ya gama lalube aljihunsa duka ya ce “I seem to have lost my key”. Shi “look” ba shi da wannan rangwame sosai, tun da fuskar mutum yake taɓawa kai tsaye: “You look well” gaisuwa ce mai daɗi ga wanda aka daɗe ba a gani ba, amma “You look tired” da ta halatta tsakanin ya da ƙanwa, in aka faɗa wa abokiyar aiki a ofis da safe, tana iya jin cewa an ce mata yau ta yamutse.