Kafin ka ci bashin gida, duba takardarsa

Ma'aikacin gwamnati da yake duba takardar albashinsa zai ga wani ɗan cire da ake yi masa kowane wata da sunan NHF, wato Asusun Gidaje na Ƙasa. Dokar da ta kafa asusun ta 1992 ce, kuma abin da ake cirewa kashi 2.5 cikin ɗari ne. Kuɗin suna tafiya Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya, FMBN. Da yawa daga cikin masu biya sun ɗauke shi tamkar haraji, alhali ajiya ce: wanda ya yi wata 6 yana zubi ya cancanci neman rancen gida, wanda kuma bai taɓa ci ba ana mayar masa da kuɗinsa idan ya cika shekara 60 ko ya yi shekara 35 yana aiki. Tun 2023 ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu sai sun ga dama suke shiga. Ɗan kasuwa da mai sana'ar hannu ma suna iya yin rajista su riƙa zubi da kansu.

Kuɗin ruwan wannan rance kashi 6 cikin ɗari ne a shekara, ana kuma iya biya har tsawon shekara 30. Amma a yi lissafi kafin a yi murna. Wanda ya karɓi naira miliyan 10 a kan shekara 30 zai riƙa biyan kusan 60,000 duk wata, kuma kafin ya gama ya biya sama da miliyan 21. Ƙa'ida ita ce abin da ake cirewa kada ya wuce sulusin abin da mutum ke samu, ke nan sai mai albashin 180,000 ne zai iya ɗaukar wannan nauyi, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake 70,000. Shekarun mai nema ma suna shiga lissafi, domin ɗan shekara 50 ba za a ba shi wa'adin shekara 30 ba. A bankunan kasuwanci kuwa, inda ruwa ya haura kashi 20, labarin daban ne. Miliyan 10 ɗin nan a kan kashi 25 na shekara 10 tana cin kusan 227,000 a wata.

Sai dai abin da ya fi kayar da mutanenmu ba lissafi ba ne, takarda ce. Yadda muka saba cinikin gida kowa ya san shi. Dillali ya haɗa mai saye da mai sayarwa, a ba da kafin alƙalami, a taru a zauren mai unguwa, a rubuta yarjejeniya a falle ɗaya, shaidu biyu su sa hannu, mai unguwa ya buga hatimi, dillali ya karɓi la'adarsa, a shafa fatiha. Wannan takarda tana da amfani, tana iya zama hujja a gaban alƙali cewa an yi ciniki. Amma ka kai ta banki, ba za su karɓe ta a matsayin jingina ba. Tun da aka yi Dokar Amfani da Ƙasa a 1978, ƙasar kowace jiha amana ce a hannun gwamna, abin da mutum ke riƙe da shi izinin zama ne, shaidarsa kuma ita ce takardar mallakar da aka fi sani da C of O. Sashe na 22 na dokar ya ce mai irin wannan izini ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da amincewar gwamna. Ba magana ce ta fatar baki ba. A shari'ar Savannah Bank da Ajilo, a 1989, Kotun Ƙoli ta soke jinginar da aka ƙulla ba tare da wannan amincewa ba, banki ya kasa sayar da gidan.

Don haka mai saye, kafin ka biya ko sisi, ka nemi kwafin takardar gidan ka ba lauya ya je ya yi bincike a ofishin rajistar ƙasa: KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja. Can ne za a ga ko sunan da ke jikin takarda na mai sayarwa ne, ko kuma an riga an jinginar da gidan. Idan aka ce maka asalin takardar ta ɓata, ko tana wajen wani ɗan'uwa a Legas, tsaya tukuna. Banki ba ya ba da rance ya bar asalin takarda a hannun mai gida, saboda haka rashinta na iya nufin tana can a ajiye a wani banki. Bashin kuwa gidan yake bi. Ka biya, ka yi fenti, ka tare da iyali, in wanda ya sayar maka ya daina biya kai za a zo a fitar. Gidan gado ma haka: sa hannun babban wa shi kaɗai bai isa ba, a nemi takardar rabon gado daga kotu, ko yardar dukkan magada a rubuce, har da mata, waɗanda aka fi yawan tsallakewa.

Mai sayarwa ga wanda banki zai biya wa, ya san kuɗin ba sa fitowa cikin mako. Sai an kimanta gidan, an yi bincike, an nemi amincewar gwamna. Kada ya miƙa asalin takarda ko mukulli a kan alkawari, a rubuta ranar biya da abin da zai faru idan banki ya fasa.

Mai gidan haya da ya jinginar da gidansa, ya karanta yarjejeniyar da kyau, domin sau da yawa tana hana shi ba da haya ko sayarwa sai da izinin banki. Kuma rashin adalci ne ya karɓi kuɗin shekara biyu a hannun ɗan haya alhali ya san an fara aiko masa da takardun gargaɗi. Ranar gwanjo, ɗan hayan da bai ci nanin ba nanin za ta ci shi.

Akwai masu gudun rancen banki saboda riba, sai su faɗa jinginar gargajiya: ka ba mai gida kuɗi, ka zauna a gidansa kyauta ko ka riƙa cin haya har ranar da ya dawo da kuɗinka cif. Malamai da dama sun ce wannan ma rance ne da ya jawo amfani, ke nan ba a tsira ba. Ga kuma rigimar da ke tashi idan ɗayansu ya rasu, darajar naira ta faɗi, magada suka ce ba su san zancen ba. Bankuna marasa ruwa irin su Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, da TAJ da Lotus suna da hanyoyin murabaha da ijara, inda banki ke sayen gida ya sayar maka da ribar da aka yanke tun farko, ko ya ba ka haya har ka mallaka. Wannan ba kyauta ba ce, su ma za su nemi takarda ingantacciya da kafin alƙalami. Mai asusun fansho da ya yi zubin wata 60 yana iya amfani da kashi 25 cikin ɗari na abin da ya tara don biyan wannan kafin alƙalami, bisa ƙa'idar da hukumar fansho, PenCom, ta fitar a 2022.

Duk inda za ka ci bashin, ka sa a rubuta maka jimillar abin da za ka biya daga farko zuwa ƙarshe, da tarar jinkiri, da wata nawa za ka tsallake kafin a sa gidan a kasuwa. Idan kuma gidan da kake ciki yanzu takardar mai unguwa kaɗai gare shi, ka je ma'aikatar ƙasa da safiyo ta jiharku ka fara neman takardar mallaka tun ba ka shiga matsi ba.