Matsin Ƙwaƙwalwar Na'ura: Yadda Ake Gano Tushen Cutar

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar masu gyaran waya a Jikwoyi, kan hanyar Nyanya zuwa Karshi a Abuja, ya san ƙorafin da ya fi yawa: "Wayata tana maƙalewa." Mai sana'ar POS zai ce yana cikin tura kuɗi, ya leƙa WhatsApp don duba lambar asusu, da ya dawo sai ya tarar manhajar banki ta rufe kanta, ga mai kuɗi tsaye yana jira. Shawarar da aka saba ba shi ita ce ya goge hotuna ko ya sayi sabon "memori". Sau da yawa an bar jaki ne ana dukan taiki. Wannan maƙala za ta yi bayanin abin da ke faruwa a cikin na'ura a irin wannan hali, da hanyoyin da masana ke bi su gano mai laifi.

Rumbu da Turmi

Ruɗanin ya faro ne daga harshe. Kalmar aro ta "memori" muna amfani da ita ga abubuwa biyu mabambanta. Na farko shi ne ma'ajiya, inda hotuna da waƙoƙi ke zaune ko da an kashe waya. Na biyu shi ne RAM, wadda za mu kira ƙwaƙwalwar aiki, inda ake ɗora duk abin da ake sarrafawa a yanzu. Ma'ajiya rumbu ce, ƙwaƙwalwar aiki kuwa turmi. Komai girman rumbu, abin da turmi ya ɗauka shi ake dakawa. Wanda turminsa ya yi kaɗan, gina sabon rumbu ba zai sa tuwo ya sauka da wuri ba.

Mai rabon wuri a cikin turmin shi ne kanel, wato cibiyar manhajar da ke tafiyar da na'ura. Wayoyin Android suna aiki ne da kanel na Linux, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki. Kanel yakan yanka ƙwaƙwalwar aiki gunduwa-gunduwa, ana kiran kowace gunduwa shafi, kuma galibi girmanta bait 4,096 ne.

Ƙa'idojin Rabo

Kanel ba ya rabo da ka, yana da ƙa'idoji. Na ɗaya, yakan yi wa manhajoji alkawarin fiye da abin da yake da shi, domin ya san ba kowa zai zo karɓa a lokaci ɗaya ba. Sai manhaja ta taɓa shafi sannan a ba ta shi a zahiri. Na biyu, ba ya son wuri ya zauna fanko, don haka yakan cika sarari da kwafin fayilolin da aka buɗe kwanan nan, ko za a sake nemansu. Na uku, masu roƙo ba ɗaya suke ba: akwai wanda zai iya jira a nemo masa wuri, akwai kuma na gaggawa, kamar saƙon da ya shigo ta intanet, wanda ake ɗebar masa daga ɗan tanadin da aka keɓe.

Idan sarari ya ragu zuwa wani ƙayyadadden mataki, wani ma'aikacin kanel mai suna kswapd yakan farka ya shiga ƙwato shafuka a bayan fage. A waya, yakan matse wasu shafukan ya cusa su a wani lungu mai suna zram. In hakan bai wadatar ba, manhajar da ke neman wuri ita da kanta za a tsayar sai an samo mata. Wannan tsayawar ita ce maƙalewar da muke gani. In abin ya ci tura, sai a kashe wata manhaja ɗungurungum.

Tambayoyi Uku

Tambayar farko da kowa ke yi ita ce: nawa ya rage? Ita ce kuma mafi yaudara. Tunda kanel da gangan yake cika sarari, ƙwaƙwalwa za ta iya bayyana a cike alhali lafiya lau take.

Tambaya ta biyu ta fi amfani: lokaci nawa aka ɓata ana jira? Mazaunin Jikwoyi da ke zuwa aiki cikin gari ba ya auna cunkoson Nyanya da yawan motoci, yana auna shi ne da mintocin da ya yi a tsaye. A kan irin wannan tunani Johannes Weiner, injiniya a Facebook a lokacin, ya gina ma'aunin PSI, wanda ya shiga Linux 4.20 a Disambar 2018. Ma'aunin yana nuna kaso nawa cikin ɗari na lokaci ya salwanta wajen jiran ƙwaƙwalwa a daƙiƙa 10 da 60 da 300 da suka wuce. Layi biyu gare shi: ɗaya na lokacin da wasu ayyuka suka tsaya, ɗaya na lokacin da duka suka tsaya cik. Tun daga Android 10 na 2019, manhajar lmkd, mai yanke hukuncin kisa a waya, da wannan ma'auni take aiki. Kowace manhaja tana da maki tsakanin -1000 da 1000. Wadda ke gaban allo makinta sifili, waɗanda aka daɗe da barinsu a baya kuwa 900 zuwa sama, kuma da su ake farawa. Da mai POS ya koma WhatsApp, manhajar bankinsa ta koma baya, makinta ya hau, wuƙa ta matso kusa da ita.

Tambaya ta uku ita ce: wa ya karɓa, kuma bisa wace ƙa'ida? A manyan kwamfutocin bankuna da kamfanonin sadarwa, ƙwaƙwalwa a rarrabe take, kowane injin lissafi da sashensa. Akwai ƙa'idar da ke cewa a ɗebo daga sashe mafi kusa, da mai cewa a rarraba bi da bi, da mai ɗaure manhaja ga sashe ɗaya tak. Manhajar da aka ɗaure za ta iya shiga matsi, har a kashe ta, alhali sashen maƙwabci na da sarari: kaza ta kwana a kan dami ke nan. Wanda ya duba jimilla kawai ba zai ga komai ba, sai ya bi diddigin ƙa'idar. A 2024 kuma, Linux 6.10 ya zo da wani kundi, aikin Suren Baghdasaryan da Kent Overstreet, mai nuna layin umarnin da ya nemi wuri a cikin kanel da adadin da yake riƙe da shi. Layin da adadinsa ke hawa ba ya sauka, a nan yoyo yake.

Kammalawa

Mai waya ma yana da abin yi. A yawancin wayoyin Android, taɓa lambar ƙirar manhaja sau bakwai a cikin saiti yana buɗe sashen masu ƙirƙira, inda za a ga abin da kowace manhaja ke ci. Daga nan sai ya cire masu haɗama, ko ya koma ga ƙananan nau'o'insu irin su Facebook Lite. In zai sayi sabuwa, ya tambayi gigabait nawa ne RAM ɗinta kafin ya tambayi ma'ajiya.

Mu kuma ɗaliban harshe, aikinmu ne mu raba wa abubuwan nan biyu suna. Muddin kalma ɗaya ke ɗauke da rumbu da turmi, mutane za su ci gaba da goge hotunan bikinsu a banza.