Fijo 504: Motar da Turawa ke adanawa, Najeriya ta yi sakaci da ita

A 1968 kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da 504, bisa zanen gidan Pininfarina na Italiya. Samfurinta mai ƙofa biyu, wanda ya lashe tseren Safari na Kenya a 1978, shi masu tara tsofaffin motoci a Turai suke rububi a yau.

A Najeriya kuwa, juriya ce ta ɗaukaka ta. Cikinta a ɗage yake daga ƙasa, ƙafafun baya ke tura ta, injinta kuma bai gagari bakaniken bakin titi ba. Shi ya sa a-kori-kurarta ta dace da hanyoyi irin na Yauri, Ngaski da Shanga, inda ake dakon kifi da shinkafa.

Masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa Fijo a 1975, kuma gwamnatin soja ta Obasanjo ta mai da ita motar jami'anta. Kuɗin hukuma sai ya riƙa komawa aljihun ma'aikacin gida.

A 2006 gwamnati ta sayar da mafi yawan hannun jarinta. A 2012 hukumar AMCON ta karɓe kamfanin saboda bashi. A 2023, motocin alfarma ƙirar waje aka saya wa 'yan Majalisar Tarayya.