Shirun yaro ba shi ne ma'aunin basirarsa ba

A garuruwanmu, idan yaro ya kai shekara 4 bai buɗe baki ba, ba ya haɗa ido da mutane, sai jera duwatsu yake yi shi kaɗai, hukunci biyu ake yanke masa: ko a ce aljanu ne, ko a ce dolo ne. Sau da yawa kuwa larura ce da likitoci ke kira otizim, wasu gidajen rediyo ke ce mata galahanga.

Likita Leo Kanner ne ya bayyana ta a Amurka cikin 1943, bayan ya duba yara 11. Na farkonsu, Donald Triplett, ya yi karatu mai zurfi, ya daɗe yana aikin banki, ya rasu a 2023 yana da shekara 89.

To ina maganar basira? Ƙididdigar hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta nuna sama da kashi ɗaya bisa uku na irin waɗannan yara suna da raunin fahimta na gaske. Sauran kuwa suna kusa da tsaransu ko daidai da su, wasu har sun zarce.

Amma da wane mudu aka auna? A 2007, a ƙasar Kanada, Michelle Dawson, wadda ita kanta ke da larurar, da abokan aikinta sun yi wa yara 38 jarrabawa iri biyu. Ta farko tana da tambayoyin da ake amsawa da baki. Ta biyu zane-zane ne da aka cire wa wani yanki, yaro ya nuna abin da zai cike gurbin. A ta farko kashi ɗaya bisa uku suka faɗa sahun masu rauni. A ta biyu, kashi 5 cikin 100 kacal. Yaran nan dai su ne, ba a canja ko ɗaya ba.

Kada kuma a zarce gona da iri. Irin su Stephen Wiltshire na Ingila, mai zana birni guda da ka bayan kallo ɗaya daga jirgin sama, 'yan ƙalilan ne. Jiran irin wannan baiwa daga kowane yaro wani nauyi ne za a ɗora masa.

Abin da ya fi damuna shi ne ajinmu. A lakol da makarantar allo, da baki ake gwada yaro: ya biya, ya maimaita, ya amsa da ƙarfi. Wanda bakinsa ya yi nauyi ana tura shi can baya, kafin shekara ta zagayo an maido shi gida, ba wanda ya taɓa miƙa masa alli ya ga abin da zai yi da shi.